Labarin Gidan Wesley, Da Yadda Suka Raba Kwanakinsu Tsakanin Ikilisiya Da Iyali

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, ga shi kuwa kowane Kirista, da ya girma ya ajiye iyali, sai ya iske hakki uku sun hau kansa gaba ɗaya: hakkin Allah da ya halicce shi, da hakkin ikilisiyar da ya ke ciki, da hakkin matar da ya auro da 'ya'yan da ya haifa. Rana kuwa ba ta ƙara tsawo don wani yana da aiki da yawa.

Ya ku 'yan makaranta, nan da 'yan shekaru waɗansunku za su zama malamai, waɗansu masu bishara, waɗansu akawuna da za a riƙa kira kowane taron ikilisiya don sun iya riƙon alƙalami. Sa'an nan ne wannan magana za ta zo muku har ƙofar ɗaki. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wani gida guda a Ingila, uba da uwa da 'ya'yansu maza biyu. Dukansu huɗu masu tsoron Allah ne, ba mai musun wannan, amma kowannensu da irin rabon da ya yi wa kwanakinsa, kowa kuma ya girbi abin da ya shuka. Wanda ba Kirista ba ma, in ya karanta, ba zai rasa abin tsinta ba.

Gidan nan shi ne gidan Wesley, inda ɗarikar Metodis ta samo asali. Ita ce ɗarikar da ta aiko da Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry cikin 1842, har yau kuwa tana nan da rassanta a Nijeriya.

MAI GIDA

Sama'ila Wesley limamin ikilisiya ne a wani gari ana ce da shi Epworth, a lardin Lincoln, ƙasa ce mai fadama, nesa da Landan. Ya zauna nan tun wajen 1697 har ya rasu cikin 1735. Mutum ne mai ilmi, mai ƙwazo, mai kafiya kuma. Albashinsa kamar fam 200 ne a shekara, amma bai iya riƙon kuɗi ba, ga 'ya'ya ana ta haihuwa, saboda haka bashi bai taɓa sakin wuyansa ba. Mutanen garin kuma ba su sonsa, don yakan faɗa musu laifinsu ba sakayawa, har waɗansu suka taɓa sassare masa shanu. Cikin 1705 aka kai shi kurkukun Lincoln saboda bashi, ya yi 'yan watanni. Matarsa ta cire zobbanta ta aika masa ya sayar, shi kuwa ya mayar mata da su.

Amma akwai abin da ya fi bashi ciwo. Cikin 1688 Turawan Ingila suka kori sarkinsu James na Biyu, suka naɗa surukinsa Wiliyam, mutumin Holan. Sama'ila ya bi sabon sarki, matarsa kuwa a ranta ba ta yarda sarautar Wiliyam ta halatta ba. Wata rana, ana addu'ar yamma a gida, ya roƙa wa sarki albarka, sai ya lura ba ta ce amin ba. Ya tambaye ta, ta faɗa masa dalilinta. Nan take ya yi rantsuwa ba zai ƙara haɗa shimfiɗa da ita ba sai ta janye. Ya hau doki ya tafi Landan, ya bar ta da yara ƙanana. Sarki Wiliyam ya mutu cikin Maris 1702, duk da haka maganar ba ta mutu ba, sai da gobara ta ci yawancin gidan cikin Yuli na shekaran nan kana ya komo ya zauna. Cikin Yuni 1703 aka haifi Yohanna. Ku duba fa, da fushin nan ya ɗore, da ba a sami wanda ya kafa ɗarikar ba.

Sama'ila yana ganin kishin gaskiya ya ke yi. Haka kuma ya kashe shekaru masu yawa yana rubuta wani ƙaton littafi da harshen Latin a kan Ayuba, yakan kuma tafi babban taron limamai a Landan ya yi watanni, da kuɗin aljihunsa, alhali gida ana ƙarancin abinci da sutura. Da ya rasu, littafin bai kawo abin kirki ba, matarsa ta fita daga gidan ikilisiya ba ta da kome, ta koma zama wurin 'ya'yanta bi da bi.

UWAR GIDA

Sunanta Susana. An haife ta a Landan cikin 1669, 'yar wani babban mai wa'azi ce ana ce da shi Annesley. Ta auri Sama'ila cikin 1688, ta haifa masa 'ya'ya 19, tara suka mutu tun suna jarirai, goma suka rayu, maza uku mata bakwai.

Mace mai wannan ɗawainiya, in ta ce ba ta da sukunin ibada, wa zai zarge ta? Amma Susana ta keɓe wa kanta lokaci safe da yamma, takan shiga ɗaki ita kaɗai ta yi addu'a, ta karanta Littafi Mai Tsarki, ta rubuta abin da ta yi tunani. In ta fito, sai ta mai da gidan makaranta. Yaro ba ya fara karatu sai ya cika shekara biyar, kashegari sai ta zaunar da shi ta koya masa haruffa, yawancinsu kuwa rana ɗaya suka haddace. Ana karatu daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, a komo daga biyu zuwa biyar, watau awa shida kowace rana. Ta kafa doka ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. A zamanin nan kuwa, ko a Ingila mata kaɗan ne aka kula da karatunsu.

Horonta da tsanani, gama tun yaro yana shekara ɗaya ta kan koya masa tsoron bulala, har ya iya kuka a hankali. Malaman tarbiyya na yau ba za su bi ta a nan ba. Amma tana da waɗansu dokoki da har yanzu ba su tsufa ba. Yaron da ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa. Ba a horon yaro sau biyu a kan laifi guda. Wanda ya yi ƙoƙarin yin daidai, ko bai dace ba, a karɓa masa da fara'a. Alkawarin da aka yi wa yaro kuwa tilas a cika shi.

Ran 9 ga Fabrairu 1709 da dare wata gobara ta sake kama gidan, wannan karo ta cinye shi ƙurmus. Aka fitar da yara, aka manta da Yohanna a bene, yana ɗan shekara biyar. Wani mutum ya hau kafaɗar wani ya ciro shi ta taga, fitowarsa ke da wuya sai rufin ya rufta. Aka rarraba yaran gidajen maƙwabta da dangi kafin a sake gini. Da suka komo, sai uwar ta ga 'yan watannin nan sun ɓata aikin shekaru, yara sun koyo zagi da maganar banza. Ta sake ɗaura ɗamara. Ta sa babba ya riƙa jan ƙarami su karanta Zabura da sura guda safe da yamma. Bayan haka kuma ta ba kowane yaro darensa, wanda za ta zauna da shi shi kaɗai su yi zancen abin da ke ransa. Daren Alhamis na Yohanna ne, daren Asabar na ƙanensa Charles. Shekara ashirin bayan wannan, Yohanna yana malami a jami'ar Oxford, ya rubuto mata yana roƙo ta riƙa tunawa da shi cikin addu'a a wannan ɗan lokaci na daren Alhamis. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

TARON MADAFA

Da sanyin ƙarshen 1711 Sama'ila ya tafi taron Landan, ya bar wani mataimaki ana ce da shi Inman, wanda an ce wa'azinsa bai cika wuce zancen biyan bashi ba. Susana ta ga 'ya'yanta za su yini Lahadi ba abincin ruhu. Ta kuwa karanta labarin waɗansu masu bishara biyu da Sarkin Denmak ya aika Indiya, abin ya taɓa zuciyarta ƙwarai. Sai ta fara tara yaranta da barorin gida a madafa kowace Lahadi da yamma, su rera Zabura, ta karanta musu wa'azi daga littattafan mijinta, su yi addu'a. Barori suka gaya wa iyayensu, iyaye suka gaya wa maƙwabta, kafin a jima mutane sun haura 200, har waɗansu na komawa don rashin wurin tsayawa.

Inman ya kai ƙara wurin mai gida, ya ce ana taron ibada da doka ba ta yarda da shi ba, mace kuma ke ja. Sama'ila ya rubuto yana nuna a bari. Amsar da ta ba shi abin a yi nazari ce. Ta ce ta sani shi ne shugaban gida, shi ne kuma limami, amma in ba ya nan, rayukan yaran nan amana ce a hannunta, Allah zai tambaye ta. Ta ce ita ma ba ta jin daɗin tsayawa gaban maza, sai dai ba namiji a wurin da zai iya karanta wa'azi ba tare da yin tuntuɓe ba. Ta nuna masa waɗansu gidaje da dā ba su zuwa majami'a yanzu suna zuwa kullum. Daga ƙarshe ta ce in yana so a watse, kada ya ce yana so kawai, ya aiko da umurni a fili, don alhakin mutanen nan ya tashi daga kanta ya koma kansa ranar shari'a. Sama'ila bai aiko da umurnin ba. Aka ci gaba har ya komo, sa'an nan ta bar masa aikinsa.

Ku lura da yadda abin ya tafi. Don 'ya'yanta ta fara, ikilisiya ta amfana. Ba ta raina mijinta ba, ba ta kuma yar da abin da ta ga Allah ya ɗora mata ba. Ta rasu a Landan ran 23 ga Yuli 1742.

INUWAR GIGINYA

Yohanna da Charles suka yi karatu a Oxford. A can suka kafa wata ƙungiya ta samari masu ibada a kan tsari, kome da lokacinsa, har 'yan'uwansu ɗalibai suka laƙaba musu sunan Metodis don ba'a, watau masu bin tsari. Tsarin nan kuwa kun san inda suka sha shi. Ran 24 ga Mayu 1738, a wani taro a Landan, Yohanna ya sami tabbacin gafara a zuciyarsa. Cikin 1739 ya fara wa'azi a fili a Bristol, ga masu haƙar gawayi da talakawan da ba su zuwa majami'a. Daga nan bai huta ba har shekara hamsin da 'yan kai. Yakan tashi ƙarfe huɗu na asuba, ya yi wa'azi ƙarfe biyar. An kimanta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi wajen 40,000. Kusan duk abin da ya samu daga littattafansa ya ba da shi sadaka. Ya rubuta littafi a kan mugunyar cinikin bayi cikin 1774, kwana shida kuma kafin rasuwarsa ya rubuta wa Wilberforce yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙin hana bauta. Mu mutanen Afirka ba za mu manta masa da wannan ba.

To, amma ku zo mu leƙa cikin gidansa. Cikin Fabrairu 1751, yana da shekara 47, ya zame a kan ƙanƙara a gadar Landan ya gurɗe ƙafa. Aka kai shi jiyya gidan wata bazawara, Maryamu Vazeille, matar wani attajiri da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Cikin 'yan kwanaki aka ɗaura musu aure. Bai taɓa dukiyarta ba, ya sa aka rubuta ta zauna tata da 'ya'yanta. Amma ko wata guda ba a cika sosai ba ya hau dokinsa, ya kuma rubuta cikin littafin da ya ke ajiye labarin kwanakinsa cewa bai ga yadda mai wa'azi zai amsa wa Allah ba in ya rage wa'azi ɗaya ko tafiyar yini ɗaya don ya yi aure.

Maryamu ta yi ƙoƙari. Shekarun farko ta bi shi, ta sha ruwan sama da taɓo da masauki marar kyau da jifan 'yan tarzoma. Da ta gaji ta zauna gida, sai kaɗaici ya haifi zato. Mijinta yana rubuta wa mata da yawa na ɗarikar wasiƙun shawara, da kalmomi masu taushi irin waɗanda ita ba ta samu. Ta roƙe shi ya bari, ya ƙi, ya ce aikin Allah ne. Kishi ya ci ta, ta shiga binciken takardunsa, har ta miƙa waɗansu ga maƙiyansa, bakinta kuma ya yi kaifi. Shi kuwa maimakon lallashi sai ya riƙa aika mata da wasiƙu yana lissafa mata laifofinta ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta yi yaji ba sau ɗaya ba. Cikin Janairu 1771 ta tafi, sai ya rubuta 'yan kalmomi da Latin, ma'anarsu shi bai bar ta ba, bai kore ta ba, ba kuwa zai yi bikonta ba. Ta komo na ɗan lokaci, ta sake tafiya. Ta rasu cikin Oktoba 1781, har aka binne ta bai sani ba. Ba su haihu ba.

Marubutan Metodis na dā sun ɗora mata laifin duka. Masu bincike na baya sun fi yin adalci, sun ce ita da nata, shi ma da nasa. Mutumin da ya ke so ya ba ikilisiya dukan kwanakinsa yana da hanya, gama Manzo Bulus ya nuna wa Korintiyawa marar aure ya fi sukunin wannan. Amma wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Yohanna ya ɗauki alkawarin aure, ya ci gaba da zaman gwauro. Da ya rasu ran 2 ga Maris 1791, 'yan ɗarikarsa sun haura 70,000 a tsibiran Birtaniya, ban da na Amurka. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

ƘANEN

Charles, wanda aka haifa cikin 1707, shi ma ya yi shekaru yana yawon wa'azi kamar wansa. Cikin Afrilu 1749 ya auri Saratu Gwynne, 'yar wani mai arziki a ƙasar Wales. Uwarta ta ce ba za ta ba da 'yarta ba sai an tabbatar da fam 100 a shekara na riƙon gida, aka kuwa yanka masa wannan daga kuɗin littattafansu. Suka kama gida a Bristol, da fari tana binsa a bayan doki.

Ƙarshen 1753 jarraba ta zo masa ta fuska biyu. Yohanna ya kwanta ciwo a Landan har ana tsammanin ba zai tashi ba, aikin ikilisiya ya faɗo kan Charles. Ana cikin haka sai labari ya zo agana ta kama Saratu a Bristol, tafiyar fiye da mil 100. Ya dinga kai da komowa tsakanin wa da mata cikin tsananin sanyi. Saratu ta tashi, amma cutar ta ɓata mata fuska, ɗansu na fari kuwa, bai kai shekara ɗaya da rabi ba, ita ta kashe shi. Daga 1756 Charles ya bar dogon yawo. Ya zauna yana kiwon ikilisiyoyin Bristol da Landan, yana ziyartar 'yan kurkuku, yana rubuta waƙoƙin ibada. Waƙoƙinsa sun haura 6,000, har yau ana rera waɗansunsu cikin harsuna masu yawa.

Kada ku zaci ya sami wannan a arha. Wansa ya yi ta ƙorafi cewa ya janye hannu ya bar shi da kaya, waɗansu kuma suka ce mace ta ɗaure shi. Cikin 'ya'ya takwas, uku kaɗai suka rayu. Maza biyun suka fito gwanayen kiɗa, ya koma da su Landan cikin 1771, har ya bari suna kiɗa a gidansa manyan gari na zuwa ji, masu tsananin ibada suka yi ta zarginsa. Ƙaramin kuma, Sama'ila, ya shiga Katolika cikin 1784, abin ya baƙanta wa uban rai ƙwarai. Ashe kula da gida ba ya sa 'ya'ya su zama yadda uba ya so. Duk da haka ya zauna da matarsa shekara 39 cikin ƙauna, har ya rasu a gabanta cikin Maris 1788.

ABIN TSINTA

Mutane sukan jera abin kamar matakala: Allah a sama, ikilisiya a tsakiya, iyali a ƙasa. Cewa Allah ne a sama, wannan ba gardama. Kuskuren yana wurin mutum ya ɗauka duk abin da ya yi a majami'a na Allah ne, abin da ya yi a gida kuwa na duniya ne. Nan Sama'ila ya yi tuntuɓe, nan Yohanna ya faɗi. Bulus da kansa ya gaya wa Timoti, mutumin da bai iya riƙon gidansa ba, bai cancanci a ba shi riƙon ikilisiya ba. Bautar Allah kamar gona ce, ikilisiya da gida kunyoyi ne a cikinta. Manomin da ya nome ɗaya ya bar ɗaya ga ciyawa, ba zai ce wa mai gona ya gama aiki ba.

Akwai kuma abin da ke jan mutum ya fi son kunya guda. Aikin ikilisiya a gaban jama'a a ke yinsa, ana gani ana yabo. Wanda ya zauna da yaro mai zazzaɓi tsakar dare, ko ya saurari kukan matarsa, ba mai tafa masa. Saboda haka in an kira ku taro na uku cikin mako guda, ku tambayi zuciyarku ko Allah ke kira, ko daɗin a gan ku. Haka nan wanda ya fake da iyali ya guje wa kowane aikin ikilisiya, shi ma ya tambayi tasa, gama Charles bai bar wa'azi ba, wurin yinsa ya sake.

Kafin ku nemi aure, ku faɗa wa wadda za ku aura irin aikin da ku ke ɗauke da shi, ku kuma auna abin da za ku rage dominta. Ku 'yan mata, ku riƙe karatunku, ku tuna abin da ilmin mace guda ya yi a madafar Epworth. Wanda kuma Allah ya ba 'ya'ya, ya ba kowannensu darensa, ko da rabin awa ce.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana, ta waje da ta cikin gida. Amin.